Unguja: Lunguna, Ƙofofi da Kasuwar da Aka Mayar Coci

Malam, ka ce in na dawo in ba ka labari tiryan-tiryan, kada in tsallake komai. To gyara zama. Kafin in tashi, abin da na sani game da Zanzibar bai wuce biyu ba: tana can gabashin Afirka a cikin teku, kuma sunanta ba ya rabuwa da kanumfari. Ko cewa ba tsibiri ɗaya ba ce ban sani ba. Ashe manya biyu ne, Unguja da Pemba, ga ƙanana birjik kewaye da su. Unguja ce baƙi ke tururuwa zuwa, nan babban birnin yake, nan kuma na nufa. Yawancin waɗanda muka yi hanya tare wankan teku ne ya kawo su. Ni da ko a kududdufin unguwa ban koyi iyo ba, gidajen tarihi na zo gani.

Daga Kano jirgi ya sauke mu a Addis Ababa, muka raba dare a kan kujerun filin jirgi kamar yadda aka saba, da safe muka wuce Darussalam. Mai fasfon Najeriya tun daga gida yake neman bizar Tanzaniya ya zauna jiran amsa, kuma ba a rabuwa da katin rigakafin shawara. Daga Darussalam akwai ƙananan jiragen sama, amma na zaɓi na ruwa, tafiyar kamar awa biyu. Wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne Tiga da Bagauda, ranar zai ƙara sanin Allah da girma yake. Muna barin gaɓa ma'aikata suka bi layi suna raba ledoji, ba wanda ya tambayi ta mece ce. Wata tsohuwa a gefena tana ta cin soyayyen rogo hankali kwance, ni kuwa na rungume ledata ina salati.

Mamaki na farko a tashar jirgin ruwa yake jiran ka. Daga Tanzaniya ka taso, a Tanzaniya ka sauka, amma sai an sake karɓar fasfo an duba. Dalili kuwa, Zanzibar ƙasa ce mai zaman kanta a da. A Afrilun 1964 ta haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya, amma har gobe tana da shugabanta da majalisarta da tutarta. Tun Oktoban 2024 ma suka ɗora wa kowane baƙo inshorar dala 44, ko da ya taho da tasa daga gida. Mamaki na biyu agogo ne. Na tambayi mai masaukina yaushe ake buɗe wuraren tarihi, ya ce ƙarfe uku. Da ya ga na yi turus sai ya yi dariya, ya ce tara na safe kenan a lissafinku. Su da fitowar rana suke fara ƙirga awa, bakwai na safe ita ce ɗaya, tsakar rana shida. Rana ba ta cika saɓa lokacinta a can ba, rani da damina, don haka lissafin yana tafiya daidai. Da na auna sai na ga nasu ya fi namu ma'ana, mu da muke soma sabuwar rana a tsakar dare kowa yana minshari.

Tsohon birnin Turawa na ce masa Stone Town, 'yan gari kuma Mji Mkongwe. In ka san lungunan cikin birnin Kano ko na Birnin Damagaram, ka san rabin labarin. Bambancin, nan benaye ne hawa uku hawa huɗu, an gina su da dutsen teku da farar ƙasa, kuma lungun ya matse har mota ba ta shiga, sai babur da keke da amalanke. Ɗakunan dogaye ne marasa faɗi, saboda da itacen da ke tsirowa a bakin teku ake rufi, tsawon itacen ne ke yanke faɗin ɗaki, yadda azara ke yi wa maginanmu. A ƙofar kusan kowane gida akwai dakali, su baraza suke kiransa, aikinsa kuma ɗaya da namu: dattawa su zauna da farar riga da hula mai aiki, a sha gahawa, a taɓa gwamnati. In ruwan sama ya cika lungu, ta kan dakalin ake bi a wuce. Matan kuma suna ɗaura wani zane mai suna kanga, kowanne da rubutu a gefensa, wani addu'a, wani habaici. Mace ta isar wa kishiya ko maƙwabciya da saƙo ba tare da ta buɗe baki ba. Da wannan zane zai shigo Kantin Kwari, da mai unguwa bai huta da sasanci ba.

Amma abin da zai tsayar da kai a kowane lungu shi ne ƙofofi. Manyan ƙyamare ne na katako, an sassaƙa su da furanni da igiyoyi da sarƙoƙi, wasu sun haura shekara ɗari da hamsin. Na Larabawa masu kusurwa huɗu ne, a samansu ayar Alƙur'ani, wani lokaci da shekarar da aka yi su. Na Indiyawa kansu a lanƙwashe yake, an jera musu manyan ƙusoshin tagulla masu tsini. A Indiya an ce don kare ƙofa daga giwayen yaƙi ake sa su. Nan babu giwa ko ɗaya, ado ne kawai da nuna arziki. Ɗaruruwansu sun rage a garin, wasu suna sheƙi a bakin otal, wasu gara ta fara ci a bakin gidan haya. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa birnin gaba ɗaya cikin kayan tarihin duniya, sai dai wannan bai hana gine-gine tsagewa ba. Kana tafiya za ka ga an tokare bango da gungume.

Na fito bakin teku da ɗoki don ganin gidan da kowane littafi ke farawa da shi, Beit al-Ajaib, wato Gidan Al'ajabi. Sultan Barghash ne ya gina shi a 1883, shi ne gini na farko a tsibirin da ya sami wutar lantarki, kuma na farko a gabashin Afirka mai na'urar hawa bene. Daga baya aka mayar da shi gidan tarihi. Na tarar da shi kewaye da kwano da ƙarafunan gini. Ranar Kirsimetin 2020 wani ɓangarensa ya rufta ana tsakiyar gyara, har da asarar rayukan ma'aikata, kuma ƙasar Oman ce ke ɗaukar nauyin tayar da shi. Na ce to bari in shiga fadar sarakuna da ke kusa, Beit al-Sahel, inda aka adana gadaje da kujeru da hotunansu. Ita ma a rufe. Ka ga mutumin da ya tsallako rabin Afirka, ya sha jijjigar teku, ya zo yana leƙen gidan tarihi ta ramin kwano.

Wani matashi mai jagorantar baƙi ya lura da ni, muka yi ciniki, ya ce in bar damuwa da gini, labarin yana nan a waje. Ya juya da ni muka fuskanci teku. A nan, in ji shi, jiragen yaƙin Ingila suka jeru ranar 27 ga Agusta 1896. Sultan Hamad ya rasu kwana biyu kafin nan, ɗan'uwansa Khalid bin Barghash ya haye gadon sarauta ba da yardar Turawa ba, alhali tun 1890 tsibirin yana ƙarƙashinsu. Suka ba shi wa'adi ya fita zuwa ƙarfe tara na safe, ya ƙi. Suka buɗe wa fadar wuta da igwa. Kafin minti arba'in da biyar an gama, mutum kusan 500 na Sultan sun mutu ko sun jikkata, a ɓangaren Ingila mutum ɗaya ne ya ji rauni, Khalid kuma ya tsere ofishin jakadancin Jamus. Shi ne yaƙi mafi gajarta da tarihi ya rubuta, kuma jagorori sun mayar da shi abin ba baƙi dariya. Ni ban yi dariyar ba. Shekara bakwai bayan nan irin wannan igwa ce ta fasa ƙofar Kano, ta wuce Sakkwato, ta ƙare a Burmi.

Kusa da nan akwai tsohuwar ganuwa, Ngome Kongwe, wadda Larabawan Oman suka gina wajen 1700 bayan sun kori Turawan Fotugal. Ta yi zaman kurkuku, ta yi zaman ma'ajiyar jirgin ƙasa, har filin wasan tanis na matan Turawa ta taɓa zama. Yanzu masu sayar da zane-zane da tsaraba ne a ciki, da dandalin da ake bikin fina-finai duk shekara. Rabin awa ya ishe ka.

Wurin da ya tsaya mini a rai yana unguwar Mkunazini, cikin harabar babbar cocin Anglika. Nan kasuwar bayi take. A 1873 Sultan Barghash ya rufe ta, ba don ransa ya so ba, sai don Ingila ta yi barazanar datse tsibirin da jiragen yaƙi. A ƙarshen wannan shekarar 'yan mishan suka aza harsashin coci a daidai filin, aikin yana hannun Edward Steere, wanda ya zama bishop, kabarinsa ma yana ciki. Na ɗan yi jim a bakin ƙofa, don ba shiga coci na saba ba, sai na ga mata da hijabi suna wucewa da 'ya'yansu, jagoran wurin ma Musulmi ne, ga hasumiyar masallaci tana leƙowa ta bayan katanga. Na bi su. A gaban bagadi akwai wani farin dutse zagayayye da ja kewaye da shi. Jagora ya ce nan aka kafa turken da ake ɗaure bawa a zane shi, don mai saye ya ga juriyarsa kafin ya taya. A gefe guda ga wani ƙaramin gicciye da aka sassaƙa daga bishiyar da aka binne zuciyar ɗan mishan David Livingstone a gindinta, can ƙasar Zambiya ta yau.

Daga nan aka gangara da mu wasu ɗakuna biyu a ƙarƙashin ƙasa, rufinsu ƙasa-ƙasa sai ka sunkuya, tagoginsu tsaga ce kawai a bango. Aka ce nan ake cusa mutane gommai kafin ranar kasuwa. Wasu masana tarihi suna musun wannan, suna cewa ginin da ke saman ɗakunan bayan rufe kasuwar aka yi shi. Ko ma yaya ne, mu da ba mu kai goma ba, cikin 'yan mintuna numfashi ya fara yi mana wuya. A waje kuma akwai wani rami da aka tsayar da mutum-mutumi biyar a ciki, maza da mata, sarƙa ta haɗa wuyansu. Wata mai sassaƙa 'yar ƙasar Suwidin, Clara Sörnäs, ta yi su a 1998. Ba fuskar kuka ta yi musu ba, fuskar gajiya ce, kuma wannan ya fi ciwo.

Zauren baje kolin da ke gefe shi ne gidan tarihi mafi tsari da na gani a tsibirin. Alluna ne da tsoffin hotuna, da Swahili da Turanci, suna bin sawun mutum tun daga ƙauyensu. Daga yankin Tafkin Malawi da gabashin Kwango ake kamo su, a kora su wata da watanni a ƙafa zuwa Kilwa ko Bagamoyo, wasu da hauren giwa a ka, sannan a loda su a jiragen katako. Wasu a wuce da su ƙasashen Larabawa da Farisa da tsibiran da Faransa ke noman rake, da yawa kuma a nan suke ƙarewa cikin gonakin kanumfari. Hauren ya tafi Turai da Amurka a yi madannan fiyano da shi. Abin da ya burge ni, allunan ba su ware kowa ba: ga fataken Larabawa da na Swahili, ga sarakunan Afirka da suka sayar da maƙwabtansu, ga attajiran Indiya da suka ba da jari, ga Turawan da suka saya. Rufe kasuwar ma bai kawo ƙarshen abin ba, sai a 1897 doka ta soke bauta a tsibiran, sa-ɗaka kuwa sai 1909.

Ina karantawa ina tuna gida, don mu ma fa an yi. A Kurmi an sayar da mutane, an kora wasu ta hamada zuwa Tarabulus. Manyan gari suna da rinji cike da bayi suna noma musu, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta ɗungurungum a Arewacin Najeriya, kusan shekara arba'in bayan Zanzibar. Ni da kai mun san yadda ake raɗa asalin wasu gidaje in maganar aure ta taso. Amma in baƙo ya zo, abin da muke so ya gani shi ne sulke da kwalkwali da kayan doki da hoton hawan sallah. Nawa ne cikinmu za su iya kama hannun ɗansu su kai shi Kurmi, su ce ga inda ake tsayar da su?

Ba nisa daga nan, a unguwar Shangani, aka nuna mini gidan Hamad bin Muhammad, wanda duniya ta sani da Tippu Tip, gawurtaccen fataken bayi da haure, mutumin da ya yi ƙarfi a gabashin Kwango har Sarki Leopold na Beljiyam ya naɗa shi gwamna a can a 1887. Ya rasu a 1905. Ƙofar gidan tana nan da kwarjininta, amma ciki ya tsufa, talakawa ne ke zaune, ga shanya a baranda.

Akwai wani ɗan ƙaramin gidan tarihi a unguwar Hurumzi, da kyar ya fi zaure girma, na gimbiya Salme, 'yar Sayyid Said, Sultan ɗin da ya ɗauke fadarsa daga Maskat ya dawo da ita Zanzibar wajen 1840. An haife ta a 1844, uwarta sa-ɗaka ce daga yankin Kaukasus. A fadar ana koya wa 'ya'ya mata karatu amma ban da rubutu, sai ta koya wa kanta a ɓoye, tana kwafar haruffa a kan ƙashin kafaɗar raƙumi. A 1866 ta gudu saboda wani ɗan kasuwa Bajamushe da ke maƙwabtaka da ita, ta shiga addininsa, suka yi aure, ta koma Emily Ruete. Ba su daɗe ba hatsarin tarago ya kashe shi a Hambug, ya bar ta da 'ya'ya uku a ƙasar sanyi, danginta kuma sun yafe ta. A 1886 ta buga littafin tarihin rayuwarta da Jamusanci, wanda har yau da shi ake leƙa cikin gidan sarautar. Baƙi Turawa labarin soyayya suke gani. Ni ƙashin raƙumin ne ya tsaya mini, don a shekarun da take ɓoyon rubutu, Nana Asma'u tana Sakkwato tana rubuta waƙoƙi da harsuna uku, tana tura jajis ƙauyuka su karantar da mata.

Magariba ta same ni a wani ƙaramin masallaci marar ado, ko doguwar hasumiya ba shi da ita. Ana tayar da sallah sai na ga dattijon da ke gefena ya saki hannuwansa, sak malaman zaure na gida. Bayan sallama na yi tambaya, aka ce Ba'ibade ne, mazhabar mutanen Oman, su ma da sadalu suke sallah. Yawancin mutanen tsibirin kuwa Shafi'awa ne. Ba wanda ya kalli hannun wani.

Da dare kowa Forodhani yake nufa, wani lambu a bakin teku gaban ganuwa. Samari suna ta alkafura daga kan katanga zuwa cikin ruwa, masu abinci sun jera tebura da fitilu. Akwai tsire, akwai kifi iri-iri, akwai wata dabbar ruwa mai hannuwa takwas da suke kira pweza, wadda na gaishe ta daga nesa. Na sha urojo, wani romo mai tsami da dankali da ƙosai a ciki, na bi da ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami. Wannan ruwan raken, ban ga dalilin da zai sa a ce ba a sayar da shi a kowace kwana a Kano ba, ga rake har ya yi mana yawa. Baƙar fata ba ta cece ni daga farashin baƙo ba, ina buɗe baki ake ganewa. Sai dai wanda ya yi ciniki a Sabon Gari ba a yi masa wayo sau biyu.

A titin Kenyatta na ga Turawa sun yi layi suna ɗaukar hoto a ƙofar wani gida. Aka ce gidan tarihin Freddie Mercury ne, mawaƙin ƙungiyar Queen ta Ingila, wanda aka haifa a garin a 1946, iyayensa 'yan asalin Indiya mabiya addinin Zartusht. Na gyaɗa kai kamar na san shi. Ni da Shata da Ɗanƙwairo suka raina, ina zan san shi? Da na tambayi mai masaukina, shi ma ɗaga kafaɗa ya yi, ya ce in ina son mawaƙin Zanzibar na gaske in nemi Siti binti Saad. 'Yar talakawa ce daga ƙauye, ta shigo birni tana tallar tukwane. Kiɗan taarab a lokacin na fada ne, da Larabci ake rera shi, tun da Barghash ya tura wani makaɗi Masar ya koyo. Ita ta juya shi zuwa Swahili, ta sa shi ya yi maganar alƙalai azzalumai da mazan da ke cutar mata, kuma a 1928 ta je Bombay aka ɗauki muryarta a faifai. Na je wata makarantar kiɗa a cikin birni inda ake wasa da daddare, na zauna gaban goge da ud da wani faffaɗan abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake ɗorawa a cinya. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na ga yadda matan da ke wurin ke kallon juna suna murmushi in an zo wani baiti, na gane inda aka dosa.

Washegari na shiga dala-dala, motar haya mai benci biyu a baya, zuwa gonakin kayan ƙamshi da ke wajen Kizimbani. A nan jahilcina ya fito fili. Shekara da shekaru ina cin yaji, ban san masoro yaɗo yake yi yana hawa bishiya ba. Ban san kirfa ɓawon itace ce ba, saiwarta kuma ƙamshin man zafi take yi. Kanumfari kuwa doguwar bishiya ce, abin da muke saya a ƙulli tohon furenta ne, ana tsinke shi da hannu kafin ya buɗe, a shanya a tabarma har ya yi duhu. Sayyid Said ne ya matsa wa masu gonaki su dasa shi, kuma wannan aikin tsinka ɗaya bayan ɗaya shi ya haɗiye bayin da na gani a alluna jiya. A 1872 guguwa ta kwantar da gonakin Unguja, tun daga nan Pemba ta karɓe gaba. Yau Indunusiya ce ta fi kowa noma shi a duniya, kuma yawancinsa a taba sigari suke ƙona shi. A kan hanyar dawowa muka tsaya a Kidichi, inda Sayyid Said ya gina wa matarsa Bafarisa gidan wanka a 1850. Ƙubbobi ne farare da jemagu.

Kudancin tsibirin ya fi nisa amma ya biya. A dajin Jozani akwai wani jan biri da ba a samun irinsa ko'ina a duniya sai Zanzibar, ba ya tsoron mutane, kuma yana cin gawayi don ya kashe dafin ganyen da yake ci. Gaba da nan, a ƙauyen Kizimkazi, akwai wani ɗan masallaci mai rufin kwano wanda za ka wuce ba ka waiwaya ba. Ka cire takalmi ka shiga. A jikin bangon alƙibla akwai rubutun Kufi da aka sassaƙa a dutse, ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107. An sake gina yawancin masallacin a ƙarni na 18, amma rubutun na asali ne, kuma har yau ana sallah a ciki. Ka lissafa da kanka. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun kawo Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya hau mulki a 1349. Kenan ana kiran sallah a wannan ƙauyen masunta fiye da shekara 240 kafin nan. Barebari ne kaɗai za su iya ɗaga kai a wurin, kuma na san in sun ji ba za mu huta ba.

Tsibirin Changuu, wanda ake kira tsibirin kurkuku, tafiyar rabin awa ce a ƙaramin kwalekwale mai inji. An gina kurkukun a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, wurin killace masu cutar shawara ya zama. Abin kallo kunkuru ne, manya-manya, waɗanda gwamnan Seychelles ya aiko da kakanninsu kyauta a 1919. An rubuta wa kowanne shekarunsa da fenti a baya. Yara za su ji daɗinsa. Babba in ya ga ɗaya ya ga duka.

Ana gobe zan taso na tsallaka titin da ya raba tsohon birni da Ng'ambo, ɓangaren da bayi da 'yantattu da talakawa suka zauna tun asali. Da can wani rafin teku ne ya raba su, aka cike shi. Baƙi ba sa zuwa nan. Ga kasuwar Darajani ta 1904 a bakin iyaka, da ƙarnin kifi da ƙamshin kayan yaji, ga kuma dogayen benayen Michenzani, waɗanda Shugaba Abeid Karume ya gina da taimakon Jamus ta Gabas, sun miƙe sambal kamar taragun jirgin ƙasa. Waɗannan benaye 'ya'yan juyin juya hali ne. Ingila ta ba Zanzibar 'yanci a Disamban 1963 ta bar mulki a hannun Sultan. Wata ɗaya kacal, ranar 12 ga Janairu 1964, wasu 'yan tawaye ƙarƙashin John Okello, mutumin Yuganda, suka kifar da shi. Sultan Jamshid ya tsere ta teku, daga baya ya sami mafaka a Ingila. A kwanakin da suka biyo baya an kashe Larabawa da Indiyawa dubbai, wasu dubban suka bar tsibirin, cikinsu har da iyalan Freddie Mercury. Abdulrazak Gurnah, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2021, shi ma yana saurayi ya fice bayan 'yan shekaru.

Duk yawon da na yi, ban ci karo da allo ɗaya da ya ba da labarin waɗannan mamatan yadda aka ba da na bayi ba. Ranar 12 ga Janairu ranar biki ce da fareti, gwamnatin ma sunanta Gwamnatin Juyin Juya Hali. Na koma cikin birni na zauna a dandalin Jaws Corner, inda ake sayar da gahawa a ƙananan kofuna, ana buga dara irin tasu ana musun siyasa. Wani dattijo da ya iya Larabci ya ja ni da hira, ya tambaye ni Kano da Maitatsine da Ahmed Musa, ya ba ni labarin Barghash da Salme kamar a gidansu suka girma. Da na ce, “Baba, 1964 fa, kana ina?” sai ya kurɓi gahawarsa, ya dubi na kusa da shi, ya ce yana yaro lokacin. Daga nan ya tambaye ni ko na je na ga kunkuru. Jikokin waɗanda suka yi kisan da na waɗanda aka kashe a dakali ɗaya suke zaune, sun kuma auri juna. Bauta ta yi nisan da za a iya rataya ta a bango a karɓi kuɗin shiga, wannan kuwa masu ita suna raye.

In ka tashi zuwa, kauce wa Afrilu da Mayu, lokacin ne ruwan sama ke sauka ba ƙaƙƙautawa, daga Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗi. Ka tambaya tun daga gida ko an buɗe Gidan Al'ajabi, kada ka dogara da abin da littafi ya ce. Ka ware wa Mkunazini safiya guda cur, kuma ka tafi da manyan yaranka.